Bohol ɗin layinmu, Kawu, da ihun da aka ce an ji a ƙarƙashin ƙasa

Sati biyu kenan ban rubuta komai a nan ba, ba wai lalaci ba ne, bohol muke haƙawa a layinmu nan Katsina kuma ni aka maƙala ma riƙon kuɗin karo-karo, wanda duk ya taɓa riƙe kuɗin jama'a ya san ba barci. Bara ma mun gwada, wani ɗan kwangila ya zo da injin shi ya yi kwana biyu yana tada mana ƙura, da ya kai mita arba'in da ɗan wani abu ya ce ya tarar da dutse zai je ya sako wani haƙori ya dawo, to har yau da nake maku wannan rubutu haƙorin bai iso ba, lambar shi ma ta daina shiga. Allah ya isa dai kawai muka yi muka koma hannun 'yan garuwa.

Na bana kam mutanen kirki ne. Abin da ya burge ni da ogan su shi ne duk rodi ɗaya da ya nutse sai ya sa yaron shi ya tara hannu ya ɗebo abin da iska ta feso daga ramin ya zuba a gefe, tuli-tuli a jere kamar mai kasa tumatir a kasuwa. Na farko jar ƙasa ce irin wadda muka sani, sai yashi, sai marmara, sai wata laka mai danƙo, can sai wani abu kamar dutse amma ka murza shi da yatsa ya wargaje, ogan ya ce mani wannan ruɓaɓɓen dutse ne kuma nan ruwa ke son kwanciya. Daga nan sai ƙarar injin ta canza, ta koma wani irin kakkafi mai shiga haƙori, ƙurar ta zama fara fat kamar an busa garin rogo, duk wanda ke tsaye a wurin ya yi furfurar dole. Dutse na gaske kenan, ɗan'uwan waɗanda kake gani sun yi tsiri a hanyar Dutsin-Ma, shi dai wannan bai leƙo waje ba.

To a nan ne fa Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, ya jawo kujerar shi ya zauna, ya dubi ogan ya ce "Malam ku dai bi a hankali, kar ku je ku huda mana inda ba a hudawa." Aka yi dariya, shi ko bai yi ba. Ya ciro waya ya kunna mana wata murya da aka turo mashi a WhatsApp, wai Turawan Rasha sun haƙa rami har suka zura makirfo suka jiyo ihun mutane ana azabtar da su, daga nan suka watse suka bar aikin. Wallahi in ka ji ihun da dare sai tsigar jikinka ta tashi. Ya juyo gare ni ya ce "kai da ka yi boko, ƙarya ne?"

Na ce Kawu ramin gaskiya ne, ihun ne ƙarya. Kuma tunda na yi mashi bayani a tsaye cikin ƙarar inji rabi bai ji ba, bari in zauna in rubuta a nan, ƙila 'ya'yan shi su karanta mashi.

Ramin yana nan a wani yanki da ake ce ma Kola can arewacin Rasha kusa da iyakar Nowe. Zamanin Tarayyar Sobiyet suka fara shi a 1970, suka yi ta fama har 1989 kafin suka kai mita 12,262, kuma faɗin shi bai wuce santimita 23 ba, wato kamar bakin faranti, ko akuya ba ta faɗawa. Abin da ya tsayar da su zafi ne da rashin kuɗi, sun zaci za su tarar da kamar digiri 100 sai suka tarar da 180, dutsen ya daina zama dutse sosai, ana zare rodi ramin na neman matsewa, ga ƙasar tasu ta wargaje a 1991. Labarin ihun kuwa tun wajen 1989 yake yawo, wata tashar talabijin ta addini a Amurka ta taimaka wurin yaɗa shi, muryar ma daga baya aka liƙa mata. Yau in ka je wurin wani murfin ƙarfe mai tsatsa kawai za ka gani an ɗaure da notuna.

Amma ku tsaya ku ji lissafin nan, shi ne ya hana ni sakat. Shekara kusan ashirin ana haƙa, da kuɗin gwamnati da manyan injiniyoyi, aka samu kilomita 12 da 'yan kai, nan da Batagarawa da ɗan ɗoriya. Daga inda kake tsaye zuwa cibiyar duniya kuwa kilomita 6,371 ne. In ka miƙe sambal daga Katsina ka je Makka, ka juyo ka kamo hanyar gida, sai ka zo wajen saitin Tafkin Chadi sannan ka ci wannan nisan. Namu bohol ɗin da muke ta kumfar baki a kai mita saba'in da huɗu ne, ko yagar ƙaya bai kai ba.

Sai Kawu ya yi tambayar da ta fi ta kowa, ya ce "to in ba wanda ya je, wa ya faɗa maku abin da ke ciki?" Gaskiya ran nan na ji daɗin tsohon nan, don tambayar da ya kamata a ce mun yi ma malamin jogirafi kenan a sakandare, amma muka haddace zanen da ke kwatanta cikin duniya da ƙwai aka ba mu maki muka wuce.

Amsar ita ce saurare. Kun ga yadda in ana son a san ko da sauran ruwa a tankin sama ba sai an hau an leƙa ba, ƙwanƙwasawa ake daga ƙasa zuwa sama, inda ƙarar ta canza nan ruwa ya tsaya. Haka Inna ke yi in za ta sayi randa, ta ɗan buga ta kara kunne, in da tsaga ta ji. Duniya ta fi ƙarfin a ƙwanƙwasa ta da hannu, amma girgizar ƙasa na yi mana aikin kyauta. In ƙasa ta girgiza da ƙarfi a Japan ko Turkiyya, motsin ba a nan yake tsayawa ba, yana ratsa cikin duniya ya ɓullo ta wani gefen cikin mintuna, kuma akwai na'urori a ƙasashe da yawa masu rubuta lokacin da ya iso da irin ƙarfin shi. Motsin nan iri biyu ne ke bi ta ciki. Akwai na turi, mai tunkuɗa gaba kamar yadda ake turereniya a layi, shi ya fi gudu kuma yana ratsa dutse yana ratsa ruwa, masana na ce mashi P. Akwai kuma na murɗa, mai kaɗawa gefe da gefe, shi ake kira S, kuma shi ba ya iya ratsa abu mai ruwa-ruwa ko kaɗan.

In kana son ka ga dalili da idonka, ɗauki kwano biyu, ɗaya da tuwon da ya kwana ɗaya da ruwa, ka jefa ɗan tsinke a ruwan. Murɗa kwanon tuwo, tuwon gaba ɗaya zai bi ka. Murɗa na ruwan, kwano zai juya amma tsinken na nan kusan inda yake, ruwa bai san an yi ba. Na gwada ma yaran gidanmu har sai da matata ta ce in bar mata kwanuka.

To da aka tara rubuce-rubucen na'urorin nan sai aka lura in girgiza ta faru a wannan gefen duniya, na murɗar nan ba ya taɓa isa ɗaya gefen, kamar akwai abin da ke haɗiye shi a tsakiya, na turin kuma yana karkacewa yana makara. Wani Bature ɗan Birtaniya Richard Oldham shi ya fara nuna akwai wani dunƙule daban a tsakiya a 1906. A 1909 wani masani a Zagreb ta ƙasar Kuroshiya, Andrija Mohorovicic, ya duba wata girgiza da aka yi kusa da garinsu ya ga motsin na ƙara gudu kwatsam in ya kai wani zurfi, ashe iyakar ɓawon duniya ce ya gano, har yau da sunan shi ake kiran wurin, an dai gajarta zuwa Moho don ba mai iya faɗin sunan. Beno Gutenberg ɗan Jamus ya auna inda dunƙulen tsakiyar ya fara, wajen kilomita 2,900. Sai kuma wadda na fi so a cikin su, wata mata 'yar Denmak, Inge Lehmann, a 1936, ba kwamfuta ba komai, katuna take rubutawa tana jerawa a kwalaye, ta lura akwai wani ɗan raunannen motsi da ke isa inda lissafi ya ce bai kamata ya isa ba. Maimakon ta ce kuskuren na'ura ne sai ta ce a'a, akwai wani abu a can cikin ruwan da motsin ke karo da shi yana dawowa. Kuma haka ne. Matar nan ta rayu shekara 104.

Ni dai zanen ƙwai bai taɓa shiga kaina ba, goruba ta fi mani. Akwai ɗan jan ɓawon nan na sama da ake kankarewa, akwai tsokar da muke gwagwiya, sai ƙodago a ciki.

Ɓawon shi ne inda muke, gonakinmu da Gobarau da rijiyar Kusugu da duk zinaren da ake tono da man fetur, komai a nan yake. A ƙarƙashin nahiyoyi kaurin shi kamar kilomita 30 zuwa 50 ne, ka ce nan da Jibiya, a ƙarƙashin duwatsun Himalaya yana kai 70, a ƙarƙashin teku kuma siriri ne, 5 zuwa 10, amma dutsen can baƙi ne kuma ya fi nauyi. Kun ga kenan ramin Rasha ko rabin ɓawon wurin bai ci ba. Kuma kana nutsawa zafi na ƙaruwa, kamar digiri 25 zuwa 30 a duk kilomita ɗaya. Masu haƙar zinare a Mponeng ta Afirka ta Kudu suna sauka kusan kilomita 4, dutsen wurin na kai digiri 60, sai da ƙanƙara ake sanyaya masu iska. Wani a wurin bohol ɗin ya ce ai shi ya sa ruwan rijiya ke da ɗumi da asuba lokacin hunturu, na ce to da ɗan gaskiya amma ba sosai ba, wannan yawanci don ƙasa ba ta bin sanyin dare ne, tana riƙe da ɗuminta shekara duka, jikinka ne da ya sha iska ke jin ruwan kamar an ɗora a wuta. Mita saba'in ɗinmu digiri biyu kawai zai ƙara.

Tsokar kuma, wadda a littafi ake ce ma mantul, ita ce mafi yawan duniya, wajen kashi 84 cikin ɗari na girmanta, daga ƙasan ɓawo har kilomita 2,900. Nan ne kusan kowa ke kuskure har da ni kafin in karanta, muna ɗauka wuta ce narkakka muke yawo a kai kamar kwale-kwale. A'a, dutse ne daskararre, shaida kuwa motsin murɗar nan yana ratsa ta lafiya lau. Sai dai zafi da nauyin abin da ke sama sun sa tana tafiya a hankali. Ka san kwaltar da masu gyaran titi ke bari a buɗaɗɗen duro, in ka kai mata guduma ta fashe kamar kwalba, amma ka kwantar da duron ka dawo bayan bazara ka tarar ta malalo ƙasa. To haka, illa ita wannan santimita kaɗan take yi a shekara, kwatankwacin tsiron farce. Mai zafi na tasowa, wanda ya huce na nutsawa, kamar talge a tukunya amma talgen da juyi ɗaya ke cin miliyoyin shekaru. Wannan motsi ne ke tafiya da faifan da nahiyoyi ke kai, wato manyan ɓangarorin da saman duniya ya tsattsage zuwa gare su, shi ya raba Afirka da Kudancin Amurka, duba taswira ka ga yadda ƙuƙumin Barazil ya dace da lungun da Najeriya da Kamaru suke kamar an yaga takarda. Narkakken dutsen da ke fitowa a dutse mai aman wuta ɗan kaɗan ne ke narkewa a wasu wurare na musamman.

Mu Allah ya ajiye mu a tsakiyar faifai, nesa da bakin da ake gogayya, shi ya sa sai dai mu ji a rediyo, kamar ta Turkiyya da Siriya a Fabrairun 2023 da ta Maroko a Satumbar shekarar. Amma ba wai ƙasar tamu a mace take ba, mutanen Mpape a Abuja sun ji motsi a Satumbar 2018 har wasu suka kwana waje, tsaunukan Biu a jihar Borno tsofaffin masu aman wuta ne, kuma nan maƙwabta a Kamaru tafkin Nyos ya saki iska mai kisa a watan Agustan 1986 ta hallaka mutum sama da 1,700 cikin dare ɗaya, Allah ya kiyaye.

Abin mamaki shi ne tsokar nan da ba mu iya zuwa, ita takan aiko mana da saƙo. Lu'ulu'u, wato daimon, a zurfin kilomita 150 zuwa 200 yake samuwa, aman wuta ne na zamanin da ya cillo shi sama. A 2014 aka ba da rahoton wani ɗan mummunan daimon daga Barazil wanda ba mai sa shi a zobe, a cikin shi aka samu ɗigon wani ma'adini da ba ya samuwa sai a zurfin da ya wuce kilomita 500, kuma da ruwa a maƙale cikin ƙwayoyin shi. Da na faɗi haka ogan masu bohol ya ce "yallaɓai to a ba mu kwangilar mana."

Sai ƙodago, kuma a nan goruba ta gaza don na duniya hawa biyu ne. Na waje ƙarfe ne narkakke haɗe da nikel, daga kilomita 2,900 zuwa wajen 5,150, shi ne ke haɗiye motsin murɗa. Na ciki wanda matar nan ta gano dunƙulen ƙarfe ne daskararre, daga cibiyar shi zuwa baki kamar kilomita 1,220, zafin shi ya haura digiri 5,000, kusan ɗaya da fuskar rana. Kawu ya ce to yaya na waje ya narke na ciki da ya fi zafi bai narke ba, na ce danniya ce Kawu, nauyin duniya gaba ɗaya a kan shi yake, fiye da sau miliyan uku na nauyin iskar da ke kanmu, ƙarfen na son ya narke ba wurin da zai motsa. Yadda aka san ƙarfe ne kuwa, tun 1798 Henry Cavendish ya auna ya gano duniya a dunƙule ta ninka ruwa nauyi kusan sau biyar da rabi, alhali duwatsun da muke gani a sama ba su kai sau uku ba, dole akwai abu mai nauyi a ɓoye. Sannan cikin duwatsun da ke faɗowa daga sama akwai na zallar ƙarfe da nikel, ɓaraguzan cikin wasu ƙananan duniyoyi da suka farfashe. Af, mu ma fa Katsinawa muna da namu, a watan Oktoban 1962 wani dutse mai kilo 18 ya faɗo a gona a Zagami, dab da wani manomi da ke korar tsuntsaye, daga baya aka gano daga duniyar Mas ya zo. Shi dai ba na ƙarfen ba ne, amma ina jin haushin yadda Turawa suka san sunan Zagami mu ba mu san labarin ba.

Kar wani ya ce to ina ruwanmu da ƙarfen da ke kilomita dubu uku. Duk ranar da ka sauka baƙon wuri ka buɗe kamfas ɗin wayarka kana neman alƙibla, da shi kake aiki. Narkakken ƙarfen nan yana juyawa yana tafasa, shi ke haifar da maganaɗisun duniya da allurar kamfas ke bi, kuma shi ke kare mu daga wani ɓangare na abin da rana ke fesowa. Zafin kan shi wani ragowar na farkon halittar duniya ne, shekara wajen biliyan huɗu da rabi, wani kuma daga yuraniyom da 'yan'uwan shi ne da ke ruɓewa a hankali cikin duwatsu, irin wanda ake tono a Arlit nan Nijar.

Liman ɗin layinmu yana wurin, wani matashi ya so ya ja shi, ya ce ai ga ƙassai bakwai nan da aka ambata, in an ƙirga hawa-hawan nan bakwai ne cif. Ni dai na ce ban iya wannan lissafin ba, don masanan kan su wani ya kasa uku, wani huɗu, wani biyar ko fiye, ya danganta ko da sinadari ya raba ko da tauri, in ka ɗaure aya da ƙirgar da gobe za a iya canzawa kai ka jawo ma kanka. Liman ya gyaɗa kai ya ce "a bar ma malaman tafsiri nasu," aka wuce wurin.

Ranar Laraba da la'asar, a rodi na ashirin da huɗu, farar ƙurar nan ta fara yin duhu, ta koma caɓi, can sai ga ruwa ya yi tsiri sama ya jiƙa ogan da yaran shi da rabin 'yan kallo, yara na ihu mata na guɗa daga cikin gidaje. Tsaga aka samu a cikin dutsen. Kawu ya tara hannu ya ɗanɗana ya ce ba gishiri, alhamdu lillahi. Saura kuɗin samo da tanki, waɗanda ba su cika nasu ba kun san kanku, ina nan zuwa bayan magariba da littafi.

Da dare ina kwance sai ga saƙo ya shigo a guruf ɗin dangi. Kawu ne, ya sake turo muryar ihun nan, a ƙasa ya rubuta "an ce ƙarya ne amma dai ku saurara."